In Matattu Za Su Tashi, Don Me Muke Haƙa Rijiya?

Bikin tashin Ubangijinmu daga matattu yakan same mu cikin bazara. Rana ta ƙwalle, rafi ya ƙafe, mata suna sammako neman ruwa, hatsin rumbu kuma ya soma ja da baya. Lokacin ne muke taruwa da asuba muna murna cewa kabari bai iya riƙe Yesu ba. Lokacin ne kuma mu malaman gona na ikilisiya muke zaga ƙauyuka muna maganar iri, da kai taki gona, da yasar rijiya, da kiwon shanun huɗa.

Akwai maganar da nakan ji daga bakin mutanen kirki, masu ibada, har da dattawan ikilisiya. Sukan ce, "Malam, duniyan nan mai wucewa ce. Jiki ƙasa ne, ƙasa zai koma. A bar ikilisiya ta yi wa'azi. Rijiya da ɗakin shan magani aikin gwamnati ne." A ɗaya gefen kuma akwai samari masu ilimi, masu himma ga aikin raya karkara. Su kuwa in an kawo zancen tashin matattu sai su ce misali ne kawai na ƙarfafa zuciya, a bar shi sai ran Lahadi.

A ganina duka biyu sun kauce, kuma a wuri guda suka kauce. Sun raba abin da almajiran farko ba su raba ba. Mutanen da suka fara shaida cewa Yesu ya tashi, su ne suka fara rabon abinci ga gwauraye, su ne kuma suka fara tara gudummawa saboda yunwa. Bari mu duba labarinsu, mu ga ko haka ne.

MUTANEN DA SUKA GUDU

Almajiran nan ba manyan malamai ba ne. Bitrus da Andarawas, Yakubu da Yohanna, masunta ne a tekun Galili. Matiyu mai karɓar haraji ne. An gicciye Malaminsu a Urushalima a zamanin Bilatus, wanda ya yi mulkin Yahudiya daga shekara ta 26 zuwa ta 36. Masana sun ce a shekara ta 30 ne ko ta 33. Gicciye kuwa kisan wulakanci ne da Romawa ke yi wa bayi da 'yan tawaye. Daren da aka kama shi duk suka watse. Bitrus ya yi musunsa sau uku. Sauran suka kulle kansu cikin ɗaki don tsoro. Biyu kuma suka kama hanyar Imuwasu, tafiyar wajen mil 7, suna cewa abin da suka sa zuciya a kai ya ƙare.

A ƙasar nan ba sabon abu ba ne wani ya tashi, jama'a su bi shi, hukuma ta kashe shi. Gamaliyal da kansa ya tuna wa majalisa da mutum biyu, Tudas da Yahuza Bagalile, waɗanda aka kashe, mabiyansu suka warwatse (Ayyukan Manzanni 5). Haka kowa ya zaci zai faru da mutanen Yesu. Amma bayan mako bakwai kaɗai, ran Fentikos, sai ga Bitrus tsaye a cikin birnin da aka kashe Malaminsa, yana faɗa a fili cewa Allah ya tashe shi. Ruwa ba ya tsami banza. Me ya sāke su?

Amsar da suka bayar ita ce, sun gan shi. Wajen shekara ta 54 ko ta 55 Bulus ya rubuta wa Korantiyawa daga Afisa, ya jera waɗanda suka gan shi: Bitrus, da sha biyun, da 'yan'uwa fiye da 500 a lokaci guda, da Yakubu, da dukan manzanni, sa'an nan shi kansa. Ya ce yawancin 500 ɗin nan suna da rai lokacin da yake rubutu. Wato mai shakka ya je ya tambaye su. Ya kuma ce ba shi ya ƙaga maganar ba, karɓa ya yi daga waɗanda suka riga shi.

Ku lura da abu biyu. Na fari, litattafan Bishara huɗu duka sun ce mata ne suka fara zuwa kabarin, Maryamu Magadaliya tana cikinsu. Josifus, marubucin tarihin Yahudawa na wancan zamani, ya rubuta cewa ba a karɓar shaidar mace. Mai shirya ƙarya yakan nemi shaidun da alƙali zai yarda da su. In ka ga an sa mata a gaba, to, haka abin ya faru ne. Na biyu, ku dubi Yakubu ɗan'uwan Ubangiji. Lokacin da Yesu ke yawon koyarwa 'yan'uwansa ba su gaskata da shi ba (Yohanna 7:5). Daga baya Yakubun nan ya zama shugaban ikilisiyar Urushalima, har aka jejjefe shi a shekara ta 62, kamar yadda Josifus ya ba da labari. Ɗaya Yakubun, ɗan Zabadi, Sarki Hirudus Agaribas ya sa aka sare shi da takobi kafin shi sarkin ya mutu a shekara ta 44.

Wani zai ce ai mutane sukan mutu saboda abin da ba gaskiya ba ne. Haka ne. Mutum na iya ba da ransa saboda abin da aka gaya masa ya gaskata. Amma waɗannan ba ji suka yi ba. Sun ce sun gani, sun taɓa, sun ci abinci tare da shi. Da ƙarya suka shirya, su ne za su fi kowa sanin ƙarya ce, kuma da wuya a sami wanda zai sha bulala da kurkuku shekara da shekaru saboda ƙaryar da ba ta ba shi ko anini ba.

JIKI NE YA TASHI

Ga inda maganar ta shafi aikinmu. Almajirai ba su ce ruhun Yesu ya tafi sama ya huta ba. Da haka suka ce, da ba wanda ya yi musu dariya, gama Helenawa da yawa sun riga sun yarda kurwa takan rabu da jiki ta ci gaba. Amma da Bulus ya ambaci tashin matattu a Atina sai waɗansu suka yi masa ba'a. A cikin Yahudawa kuma Sadukiyawa sun ƙi tashin matattu sam, Farisiyawa sun yarda da shi amma sai ranar ƙarshe. Almajirai suka zo da abin da ba wanda ya zata: wai mutum ɗaya ya riga ya tashi da jikinsa, tun duniya ba ta ƙare ba.

Luka ya ce ya ci gasasshen kifi a gabansu. Yohanna ya ce ya nuna wa Toma gurbin ƙusoshi. Ya kuma ce wata safiya, bayan sun kwana suna su ba su kama kome ba, sun tarar da shi a bakin teku da garwashin wuta, da kifi a kai, da gurasa. Ku yi tunani a kan wannan. Ubangijin da ya ci nasara da mutuwa ya tsaya ya shirya wa ma'aikata masu gajiya karin kumallo, kafin ya yi wa Bitrus maganar kiwon tumakinsa.

To, in Allah zai ta da jiki, ashe jiki ba tsumma ba ne da za a yar. Jikin yaron da gudawa ke ci saboda ruwan kududdufi, jikin macen da ke naƙuda kwana biyu ba ungozoma, jikin tsohon da ke kwana da yunwa a watan Agusta, duk Allah ya ƙidaya su cikin abin da zai fansa. Wa ya ba mu izini mu rena abin da Allah bai rena ba?

ABIN DA SUKA YI DA HANNUNSU

Mu bi su mu gani. Da ikilisiya ta kafu a Urushalima, masu hali suka riƙa kawo dukiyarsu ana raba wa masu bukata. Barnaba, mutumin Kubrus, ya sayar da gonarsa ya kawo kuɗin. Da jama'a ta yawaita sai gunaguni ya tashi, wai ana tsallake gwaurayen masu jin Helenanci wajen rabon abinci na kullum. Manzanni ba su ce wannan zancen duniya ne ba. Suka tara jama'a, aka zaɓi mutum bakwai masu kyakkyawar shaida su riƙe aikin. Dukansu bakwai sunayen Helenawa gare su, wato ga alama daga ɓangaren da ya yi kuka aka ɗebo su. Istifanus, wanda ya fara mutuwa saboda sunan Yesu, ɗan wannan kwamitin abinci ne. A Yafa kuma akwai Dokas, wadda da ta mutu gwauraye suka zo suna kuka suna nuna rigunan da ta ɗinka.

Sa'an nan yunwa ta zo a zamanin Kaisar Kalaudiyas, wanda ya yi mulki daga shekara ta 41 zuwa ta 54. Josifus ma ya ba da labarin wannan yunwa a Yahudiya. Masu bi na Antakiya, wajen mil 300 arewa da Urushalima, da yawansu ba Yahudawa ba ne, suka tara abin da kowa ya iya, suka aika ta hannun Barnaba da Shawulu. Ba kabilarsu ɗaya ba, ba harshensu ɗaya ba, yawancinsu ba su taɓa ganin juna ba.

Har a wancan zamani akwai masu irin tunanin da muke ji yau. A Tasalonika waɗansu sun bar aiki suna zaman banza, suna ci daga hannun 'yan'uwa. Bulus ya tsauta musu da ƙarfi, ya tuna musu cewa shi kansa dare da rana yake aiki don kada ya nauyaya wa kowa. Sana'arsa ɗinkin tanti ce, ya kuma yi ta a Koranti tare da Akila da matarsa.

Jikokinsu cikin bangaskiya ba su saki wannan hanya ba. Wajen shekara ta 251 ikilisiyar Roma tana ciyar da gwauraye da mabukata fiye da 1,500. A shekara ta 362 Kaisar Juliyan, wanda ya bar bin Almasihu ya koma ga gumaka, ya yi kuka cewa Kirista suna ciyar da matalautansu har da na masu bautar gumaka. Shaidar maƙiyi ke nan.

MAGANAR MANOMI

Da Bulus ya so ya bayyana tashin matattu, gona ya shiga. A ƙasar Isra'ila ruwa yakan sauka lokacin sanyi, sha'ir kuma yakan nuna wajen Idin Ƙetarewa, wato daidai lokacin da aka gicciye Yesu. Bisa ga Littafin Firistoci sura 23, sai an kai damin fari na sha'ir gaban Allah kafin kowa ya ci sabon hatsi. Shi ya sa Bulus ya kira Almasihu nunan fari. Mu ma mun san wannan. Ran da aka gasa tumu, rumbu bai cika ba tukuna, ba a ma soma girbi ba. Amma duk wanda ya ci tumu ya san kaka ta zo bakin ƙofa. Tashin Yesu shi ne tumun, sauran gonar tana nan tafe.

Da aka tambaye shi da wane irin jiki matattu za su tashi, sai ya ce a dubi iri. Ƙwaya kake sawa a ƙasa, ba kara da zangarniya ba, amma abin da ya fito na ƙwayar nan ne, ba na wata ba. Mu Hausa ta ba mu kalmar da ta dace. A ƙasashen gero manomi yakan shuka tun ruwa bai sauka ba, muna ce da shi binne. Kalmar da muke faɗa wa gawa ita muke faɗa wa iri. Mutum ya ɗebi hatsi daga ɗan abin da ya rage masa, yara suna kallo, ya tafi ya rufe shi cikin busasshiyar ƙasa. Baƙon da bai san noma ba zai ce hauka ne. Manomi kuwa ya san abin da yake yi.

Gaskiya ne binne yakan lalace wani lokaci. Yayyafi ya sauka, iri ya tsiro, ruwa ya ɗauke, sai an sake shuka. A nan ne misalin ya gaza, gama begen Kirista ba caca ba ne. Mai binne yana jiran abin da bai gani ba tukuna. Almajirai kuwa sun riga sun riƙe damin fari a hannu.

Yanzu ku buɗe 1 Korantiyawa ku ga abin da ya fi ba ni ƙarfi. Sura 15 duka a kan tashin matattu take, aya 58. Da me ta ƙare? Ba ta ce a naɗe hannu a jira ba. Ta ƙare da gargaɗi cewa a tsaya da ƙarfi, a yawaita aiki, domin wahalar da aka sha saboda Ubangiji ba za ta tashi a banza ba. Sai sura 16 ta soma da zancen tara kuɗi domin matalautan Urushalima: kowa ya riƙa ware wani abu ran farko ta kowane mako gwargwadon samunsa, su kuma zaɓi amintattu su kai. Bulus bai rubuta lambar sura ba. Sai a ƙarni na 13 aka raba Littafi Mai Tsarki sura sura kamar yadda muke da shi. Saboda haka da aka karanta wasiƙar nan a Koranti, daga nasara a kan mutuwa kai tsaye aka shiga maganar baiko. Numfashi ɗaya ne.

GA DATTAWA, GA SAMARI

Iyayena dattawa, akwai gaskiya cikin tsoronku. Ikilisiya tana iya shagala da taki da injin niƙa har ta zama jam'iyyar gama kai kawai. Manzanni ma sun ga wannan hatsari, shi ya sa suka ce su ba za su bar addu'a da koyar da Maganar Allah ba. Amma ba su rufe rabon abinci ba, ma'aikata suka naɗa masa, suka ɗora musu hannu da addu'a. Kada mu fi manzanni ruhaniya.

Ku kuma 'yan'uwana samari, ku yi hankali. Aikin karkara aikin karya zuciya ne. A haƙa rijiya ta rufta. A dasa itatuwa awaki su cinye. A koyar shekara biyar, fari irin na 1973 ko na 1984 ya zo ya share kome. Ran nan misali ba zai riƙe ku ba. Bulus ya faɗa ba rufi cewa in Almasihu bai tashi ba, wa'azinsa da bangaskiyarsu duk wofi ne. Abin da ya hana masuntan nan komawa jirginsu har abada ba kyakkyawan tunani ba ne, mutum ne rayayye da suka gani.

TO, ME ZA MU YI?

Ina roƙon kowace majalisar dattawa ta zauna kafin ruwa ya sauka, ta duba abu huɗu.

Na ɗaya, rumbun ikilisiya. Da kaka kowa ya kawo dami ko mudu gwargwadon ƙarfinsa, kada a sayar da shi duka. A ajiye shi sai Yuli da Agusta, lokacin da talaka ke cin bashin buhu ɗaya ya biya biyu. A sa mutum uku su riƙe lissafi, a karanta shi a gaban jama'a. Bulus ma bai yarda ya ɗauki kuɗin gudummawa shi kaɗai ba, don kada a sami abin zargi.

Na biyu, gwauraye da marayu. A rubuta sunayensu, a yi musu gayya tun noman fari. A duba da kyau ko akwai waɗanda ake tsallakewa domin ba kabilarmu ba ne, ko domin baƙi ne a garin. Rijiyarmu kuma kada a tambayi addinin mai jan ruwa. Maƙwabcinmu Musulmi da mai bin al'adar gargajiya ƙishirwarsu ɗaya da tamu.

Na uku, iri. Kada a ci shi, kada a sayar da shi, ko da yunwa ta matsa. Wanda nasa ya ƙare, ikilisiya ta ranta masa ya mayar da kaka.

Na huɗu shi ne mai wuyar faɗa, amma sai na faɗa. Jana'iza. Sau nawa mutum yakan kwanta wata uku ba wanda ya kawo kuɗin mota a kai shi asibiti, amma ran da ya mutu a sayar da san huɗa, a buɗe rumbu, a ciyar da jama'a kwana bakwai, a bar gwauruwa da bashi? Ba a hana mu kuka ba, Yesu ma ya yi hawaye a kabarin Li'azaru. Amma Kirista na farko sun kira maƙabartarsu wurin barci, kamar yadda mu ma muke ce da kabari makwanci. Wanda ya yi barci cikin Ubangiji ba ya bukatar sanmu. 'Ya'yansa ne ke bukatarsa a damina mai zuwa. In mun gaskata zai tashi, mu nuna ƙaunarmu tun yana numfashi, mu binne shi da mutunci da sauƙi, mu riƙe iyalinsa.

'Yan'uwa, hadari ya kusa haɗowa. Mu yi murnar tashin Ubangiji ran Lahadi da dukan zuciya, ran Litinin kuma mu ɗauki fartanya da igiyar rijiya da bangaskiyar nan guda. Haka Bitrus, da Barnaba, da Dokas suka yi. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya kuma same mu muna aiki ran da zai zo girbinsa. Amin.